Littafi Mai Tsarki na Hausa da Tushen Shugabancin Ikilisiya a Arewa

1.0 Gabatarwa

Manazarta tarihin rubutun boko sukan ambaci Littafi Mai Tsarki na 1932 a matsayin gagarumin aikin fassara, su tsaya nan. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa fassarar ta taɓo wata tambaya mai nauyi, wato wane ne mai faɗa a ji a cikin ikilisiya: Baturen mishan, ko kuwa littafin da mai iya karanta shi?

2.0 Isawa da Martabar Littafi

Tun kafin zuwan Turawa, Bahaushe ya saba auna malami da littafin da ke hannunsa. A tsakiyar ƙarni na 19, wani masani a Kano, Malam Ibrahim, ya duƙufa kan nazarin ayoyin Alƙur'ani da suka ambaci Annabi Isa, har ya tara almajirai. An kashe shi a kasuwar Kurmi a wajejen 1867, mabiyansa da ake kira Isawa suka watsu zuwa yankin Ningi da iyakokin ƙasar Zazzau. A 1913 wasu daga cikinsu suka iske Dokta Walter Miller na mishan ɗin C.M.S. a Zariya. Aka kafa musu mazauni a Gimi, cutar barci ta yi musu ɓarna, daga bisani zuriyarsu ta zama wani ginshiƙi na jama'ar Wusasa, inda mishan ya koma a 1929. Abin lura shi ne, bin diddigin nassi ne ya kawo waɗannan mutane, saboda haka sun shigo da al'adar neman hujja daga wurin duk mai koyarwa.

3.0 Aikin Fassara

J. F. Schön, wanda ya ƙaru ƙwarai da Hausar Dorugu, ya fitar da Sabon Alkawari a 1880. Sai dai a Ingila ya yi aikin, nesa da masu harshen, don haka bai ratsa jama'a ba. Miller da abokan aikinsa, tare da malaman Zazzau, su ne suka kai ga cikakken littafin a 1932. Mafassaran sun ɗauki kalmomin da Musulunci ya riga ya girke a harshen, irin su Allah, annabi, mala'ika, zunubi, tuba da Zabura. Wannan ya sa littafin ya shigo da kamannin abin da aka riga aka sani, mai karanta shi a gaban jama'a kuma ya gaji laƙabin malam.

4.0 Komawar Iko Hannun 'Yan Ƙasa

Tasirin fassarar ya fi bayyana a tsakanin al'ummomin da Hausa ba harshen uwa ba ce gare su. A ƙasar Kontagora da Zuru, Kambari da Dakarkari da yawa sun fara jin bishara ne da Hausa, haka kuma a Filato da kudancin Zazzau. Turawan mishan kaɗan ne, ƙauyuka kuwa ba iyaka, sai ya zamana mai bishara ɗan gari shi ke wa'azi, shi ke koyar da karatu, shi da dattawan ikilisiya ke sasanta rigima. Da zarar ya buɗe sura da aya, Bature kansa ba shi da ta cewa sai da wata ayar. Daga cikin irin waɗannan masu bishara ne aka sami fastocin farko. A 1954 ikilisiyoyin S.I.M. suka zama ECWA, a 1955 kuma aka kafa tarayyar da daga baya ta zama TEKAN, wato Tarayyar Ekklesiyoyin Kristi a Nijeriya, mai ɗauke da sunan Hausa.

5.0 Kammalawa

Miƙa mulkin ikilisiya a shekarun 1950 ya zo ne bayan shekara ashirin da wani abu da 'yan ƙasa suka yi suna riƙe da nassi a harshen da suke ji. Amma wannan gado ya bar baya da ƙura. Bakambarin da ke jin nassi da Hausa har yanzu yana dogara ga wanda ya fi shi Hausa, kuma wannan na cikin dalilan da suka sa aka juya ga fassara littafin zuwa ƙananan harsuna.