OK: Haruffa Biyun Da Suka Fara Da Zolaya A Boston

A ranar 23 ga Maris, 1839, jaridar Boston Morning Post ta Amurka ta buga wani ɗan rubutu na barkwanci, a cikinsa aka saka haruffa biyu: o.k. A wancan zamanin 'yan bokon birnin Boston suna yayin wani wasa, su ɓata rubutun magana da gangan, sannan su gutsure ta. Maimakon all correct, wato komai daidai, sai suka rubuta oll korrect, suka tsinci harafin farko na kowace kalma. Ire-iren wannan gutsure sun cika jaridun lokacin, kuma kusan dukansu sun tafi tare da yayinsu.

Siyasa ce ta raya OK. A zaɓen 1840 Shugaba Martin Van Buren yana neman tazarce, ana kuma yi masa laƙabi da Old Kinderhook, domin garin Kinderhook na jihar New York ne mahaifarsa. Magoya bayansa suka ga haruffan sun zo musu daidai, suka kafa ƙungiya mai suna OK Club. 'Yan adawa su ma ba su zauna ba, suka riƙa ƙirƙiro wa haruffan fassarori na habaici. Van Buren ya sha kaye a hannun William Henry Harrison, amma kalmar ta riga ta kama bakin jama'a. Daga baya ma'aikatan wayar tangaraho suka ɗauke ta, abinka da masu son gajeren saƙo.

An daɗe ana ja-in-ja kan asalinta. Wasu sun ce daga harshen Choctaw na 'yan asalin Amurka ta fito, har Shugaba Woodrow Wilson yakan rubuta ta okeh. Wasu suka kai ta Afirka ta Yamma, wajen harshen Wolof. A 1963 da 1964 Farfesa Allen Walker Read na Jami'ar Columbia ya bi tsofaffin jaridu ya fito da hujjar Boston, kuma a ganina har yau babu hujjar da ta kai tasa ƙarfi.

Bature yakan ce "okei", yana ɗan jan ƙarshen. Mu kuwa "oke" muke cewa. Ma'anarta tana bin murya: tana iya zama "to", ko "na yarda", ko "lafiya lau". Amma idan ka tambayi Bature yadda ya ji girkinka ya ce OK kawai, kada ka ɗauka yabo ne. Nufinsa ba yabo ba fallasa.