Ina Editan Ya Tafi?

Wannan makon a kan edita za mu tattauna, mutumin da ba a cika ganin sunansa a bangon littafi ba.

A 1933 Hukumar Talifi ta Zariya, ƙarƙashin Dokta Rupert East, ta shirya gasar ƙagaggun labarai. Daga nan aka samu Ruwan Bagaja, Ganɗoki, Shaihu Umar da Idon Matambayi. Mukan haddace sunayen nan saboda jarrabawa, mu manta cewa kowane rubutu sai da ya bi ta hannun wani ma'aikaci mai albashi, wanda ya karanta, ya gyara, ya daidaita ƙa'idar rubutu kafin a kai maɗaba'a. Abubakar Imam malamin makaranta ne a Katsina lokacin da ya shiga gasar. A 1936 aka ɗauko shi zuwa Zariya, ya zauna kusa da East yana rubuta Magana Jari Ce, ana dubawa ana mayar masa. Da aka kafa Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, shi ne ya zama editanta. Wato wanda aka gyara wa rubutu jiya, shi ke gyara na wasu yau. Haka sana'ar take gadon kanta.

Kamfanin Gaskiya ya zo a 1945, NORLA ta yi zamaninta ta rufe a 1959, NNPC ta biyo baya a 1966. Duk a Zariya, kuma duk da ma'aikatansu: edita, mai fassara, mai zane, mai duba kurakuran bugu. Gasar NNPC ce ta fito da So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed a 1980.

Sai tattalin arziki ya karye a tsakiyar shekarun 1980. Takarda ta yi tsada, kamfanoni suka koma littattafan makaranta inda kasuwa take tabbas. Marubutan Kano ba su zauna jira ba. Suka haɗa kai a ƙungiyoyi irin su Raina Kama, inda ake da Ado Ahmad Gidan Dabino da Ɗan'azumi Baba da Balaraba Ramat Yakubu. Marubuci ya nemo kuɗinsa, ya kai wa mai injin bugu, ya ɗora tambarin ƙungiya, ya kai wa dillalai a kasuwa. Ko maƙiyinsu ya san sun yi abin a yaba, domin sun samar da masu karatu, musamman mata, waɗanda Zariya ba ta taɓa kaiwa gare su ba.

Amma ƙungiya ta gaji kamfani ne wajen bugu da rarrabawa da talla kawai. Kujerar edita babu wanda ya zauna a kai, saboda babu mai biyansa. Mutum ɗaya ya zama marubuci, mai gyara, mai zuba jari, kuma mai bin bashin dillali. A ganina, yawancin sukar da malaman jami'a suka yi wa "Adabin Kasuwar Kano" a shekarun 1990, kan haɗe kalmomi da labari mai jan ƙafa, kukan rashin edita ne aka sauke a kan marubuta.

Da labarai suka koma waya, WhatsApp da Wattpad suka ɗauke wahalar takarda da dillali. Yanzu babi kan fita da daddare, kafin asuba ɗaruruwa sun karanta, ba tare da ido na biyu ya gan shi ba. Ƙungiyoyinmu na yau kuwa suna da shugaba, sakatare, ma'aji da jami'in yaɗa labarai. Ku duba taku, ku gani ko akwai wanda aka ɗora wa karanta rubutun mambobi kafin ya fita, kuma nawa ake ba shi.