Georges Méliès

Georges Méliès (8 ga Disamba, 1861 – 21 ga Janairu, 1938) Bafaranshe ne, ɗan wasan rufa-ido kuma darakta, yana cikin magabatan fina-finai marasa sauti. A birnin Paris aka haife shi.

A Disambar 1895 ya kalli fim ɗin da 'yan gidan Lumière suka haska. Ya nemi su sayar masa da na'urarsu suka ƙi, sai ya samo wata daga Landan. Tsakanin 1896 da 1913 ya shirya fina-finai sama da 500. Ya shahara da dabarar tsayar da kyamara, a sauya abin da ke gabanta, sannan a ci gaba da ɗauka, sai mai kallo ya ga mutum ya ɓace ɓat. Bakandamiyarsa ita ce Le Voyage dans la Lune (1902), inda kumbo ya caki wata a ido.

Daga baya ya karye. A 1923, cikin takaici, ya ƙone fina-finan da suka rage a hannunsa, ya koma sayar da alewa da kayan wasan yara a tashar jirgin ƙasa ta Montparnasse. Kimanin 200 ne suka tsira zuwa yau.