Tarihin Sunan O'Higgins Da Yadda Ya Bazu A Duniya

 Gudummawata a shafin tarihi na wannan fitowa ita ce in ɗauki suna guda ɗaya tak, in bi sawunsa tun daga inda ya tsiro har zuwa inda ya kai. Sunan kuwa shi ne O'Higgins. Asalinsa na mutanen tsibirin Ayalan ne, wanda ke yamma da Ingila. A can gida masu amsa shi da wannan siffa ba su da yawa, amma a ƙasar Cile ta Amurka ta Kudu da wuya a sami ɗan firamaren da bai san shi ba. Dalilin haka shi ne abin da nake so mu duba tare.

Asalin Sunan

Mutanen Ayalan suna cikin na farko a Turai da suka soma gadon sunan zuriya. Kalmomi biyu suka yi amfani da su. Ta farko ita ce Mac, wato ɗa, ta biyu kuma Ó, wato jika. Tun a shekarar 916 littattafan tarihinsu suka ambaci rasuwar wani basarake da ake kira Ua Cléirigh, kuma Ua ita ce tsohuwar siffar Ó. Haka nan zuriyar Sarki Brian Boru, wanda aka kashe a yaƙin Clontarf a 1014, su ne suka zama O'Brien. Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Alhaji Alhasan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, ya sami laƙabinsa ne daga Tata, matar da ta rene shi, ga shi kuwa yanzu laƙabin ya zama sunan gida sukutum.

A harshen Gelik, wato harshen asali na tsibirin, ana rubuta sunan da muke magana a kai Ó hUiginn, ma'ana jikan Uiginn. Masana sunaye da dama suna ganin Uiginn laƙabi ne da ya samo tushe daga kalmar Viking, wato maharan nan na teku da suka riƙa zuwa daga Norwe da Danmak suna kai wa tsibirin hari tun daga 795. Ƙaramin harafin h da ke gaban Uiginn ba ya cikin asalin sunan, nahawun harshen ne ke kawo shi idan wasali ya biyo bayan Ó. Da magatakardan Ingila suka zo rubutawa sai suka ɗauka da shi sunan ya fara, suka mai da shi babba, suka maƙala s a ƙarshe irin na sunayensu. 'Yar alamar da ke bisa Ó mai nuna a ja wasali kuma ta koma gefe. Ta haka Ó hUiginn ya zama O'Higgins.

Gidan Mawaƙan Fada

Masu kula da salsala sun danganta wannan zuriya da tsakiyar tsibirin, wajen gundumar Westmeath, daga can suka yi yamma zuwa lardin Connacht, musamman gundumar Sligo. Sana'arsu ta gado ita ce waƙar fada. Sai dai mawaƙin fadar Ayalan na wancan zamani malami ne mai karatu da rubutu, yakan yi shekara bakwai ko fiye a makaranta yana koyon awon waƙa da salsalar sarakuna da tarihin ƙasa. An ruwaito cewa a ɗaki mai duhu ɗalibi kan kwanta ya shirya waƙarsa a ka, sai an kawo fitila sa'an nan ya rubuta. Sarakuna suna ba su gonaki da shanu da dawaki saboda yabo, kuma suna tsoron zambonsu ƙwarai.

Wanda ya fi shahara a gidan shi ne Tadhg Dall Ó hUiginn, wanda ya rasu a 1591. Dall laƙabi ne mai ma'anar makaho. Kimanin waƙoƙinsa arba'in sun tsira, kuma wata masaniya mai suna Eleanor Knott ta tattara su ta buga a juzu'i biyu, a 1922 da 1926. Akwai labarin da ake bayarwa cewa wasu mutum shida na gidan O'Hara sun faɗa gidansa suka cinye masa abinci, ya yi musu zambo, su kuma suka dawo suka yanke masa harshe.

Yadda O Ta Faɗi

Tun a 1465 aka yi doka cewa duk mutumin Ayalan da ke zaune a gundumomi huɗu na kewayen Dublin, inda ikon Ingila ya kafu, dole ya ɗauki suna irin na Ingilishi, ko dai sunan gari, ko na launi kamar fari da baƙi, ko na sana'a kamar maƙeri da kafinta. Wannan doka ba ta kai yammacin tsibirin ba. Abin da ya kai can shi ne yaƙi. A 1601 aka ci sarakunan gargajiya da yaƙi a Kinsale, a 1607 manyansu na arewa suka shiga jirgin ruwa suka bar ƙasar. Da fada ta watse, mawaƙan fada suka rasa iyayen gida. Daga 1649 kuma Oliver Cromwell ya zo da rundunarsa, aka ƙwace filaye masu yawa aka raba wa sojoji da baƙi daga Ingila. Bayan yarjejeniyar Limerick ta 1691 sai ga jerin dokokin da suka hana mabiya ɗariƙar Katolika, waɗanda su ne mafi yawan 'yan ƙasa, riƙe muƙamin gwamnati da aikin lauya da hafsan soja da sayen fili.

A irin wannan hali, O a gaban sunan mutum tamkar tambari ne mai nuna ko shi wane ne. Mai neman hayar gona ko aiki a wurin baƙin da suka mallaki ƙasa sai ya ga gara ya sauke ta. Haka O'Higgins ya koma Higgins, wanda ya yi daidai da wani suna da Ingilawa suke da shi tun asali, wanda ya fito daga laƙabin da sukan yi wa mai suna Richard. Saboda haka ba kowane Higgins ne jikan Uiginn ba.

Sa'an nan aka yi babbar yunwa daga 1845 zuwa 1852, lokacin da cuta ta lalata dankalin Turawa, wanda shi ne abincin talaka. Kimanin mutum miliyan ɗaya suka mutu, fiye da miliyan ɗaya kuma suka yi ƙaura. Ƙidayar 1841 ta sami mutum miliyan 8.2 a tsibirin, ta 1851 kuwa miliyan 6.5. Lardin Connacht yana cikin inda abin ya fi tsanani. Wannan ƙaura da waɗanda suka biyo bayanta su suka kai sunan Higgins biranen Liverpool da Glasgow da New York da Boston, har Kanada da Ostareliya. A gida ma bai ƙare ba, don a lissafin haihuwa na 1890 yana cikin sunaye ɗari da suka fi yawa a Ayalan. Siffar da ke da O ita ce ta zama 'yar ƙalilan.

Daga Sligo Zuwa Lima

Tun kafin yunwar da shekaru ɗari, wani reshe ya bi wata hanya dabam. Wajen 1720 aka haifi Ambrose a Ballynary, wani ɗan ƙauye a bakin tafkin Arrow a gundumar Sligo, cikin gidan da ya riga ya rasa filayensa. Da yake ƙofofin aiki a rufe suke a gida, a 1751 ya tafi Cadiz ta ƙasar Sifen, inda 'yan Ayalan da dama ke fatauci. Daga can ya haye zuwa Amurka ta Kudu, ya taɓa kasuwanci, daga baya ya shiga aikin Sarkin Sifen a matsayin mai zanen gine-gine da hafsan soja, sunansa ya koma Ambrosio. Shi ya shirya gina ɗakunan fakewa a kan duwatsun Andes domin masu ɗaukar wasiƙa tsakanin Cile da Ajantina su iya wucewa ko a lokacin ƙanƙara.

A 1788 aka naɗa shi Gwamnan Cile. Ya gina hanyar keken doki daga Santiyago zuwa tashar jiragen ruwa ta Valparaiso, ya kuma soke tsarin da ya ba Turawa damar sa 'yan asalin ƙasa aikin tilas. A 1789 ya kafa wani gari a arewacin ƙasar ya sa masa suna Vallenar, wato Ballynary ke nan a bakin Sifaniyawa, kuma garin yana nan har yanzu a yankin Atacama. A takardun farkon aikinsa Higgins kawai ake rubutawa. Sai da ya kai manyan muƙamai ya mayar da O a gaban sunansa, domin a fadar Sifen shaidar asali tana da daraja. Abin da ya zama kaya a Ayalan ya zama ado a Madrid. A 1796 aka ba shi wakilcin Sarki a Peru, muƙamin da ke cikin mafiya girma a daular Sifen, kuma a Lima ya rasu a 1801.

Ɗan Da Aka Hana Suna

Ambrosio bai taɓa aure ba, amma a ranar 20 ga Agusta, 1778, wata budurwa mai suna Isabel Riquelme ta haifa masa ɗa a garin Chillan. Dokar lokacin ta hana manyan ma'aikatan Sarki auren matan ƙasar da suke mulki sai da izini, shi kuma bai yarda ya sa aikinsa cikin haɗari ba. Ya biya kuɗin karatun yaron a Lima da Richmond ta kusa da Landan, amma bai ja shi a jiki ba. Har ya wuce shekara ashirin yaron yana amsa Bernardo Riquelme, da sunan gidan uwarsa, kuma abokan hamayya sun daɗe suna yi masa gori da haihuwarsa. A Landan ya haɗu da Francisco de Miranda, mai fafutukar 'yantar da Amurka ta Kudu daga Sifen.

Bayan rasuwar uban, Bernardo ya gaji gandun Las Canteras, ya koma Cile a 1802, ya kuma soma sa hannu da O'Higgins. Da wannan suna ya shiga yaƙin neman 'yanci. An ci su a Rancagua a 1814, ya tsere zuwa Ajantina. A 1817 ya dawo tare da Janar José de San Martín, suka ƙetare duwatsun Andes da runduna, suka yi nasara a Chacabuco ranar 12 ga Fabrairu. Aka naɗa shi shugaban ƙasa, kuma a hannunsa aka yi shelar 'yancin Cile a 1818. Cikin dokokin farko da ya yi har da soke sarautun gado, alhali ubansa ya yi shekaru yana neman irinsu. Wannan da wasu matakai suka haɗa shi faɗa da manyan masu filaye, ya sauka daga mulki a Janairun 1823, ya tafi Peru, ya rasu a Lima a 1842. Sai a 1869 aka dawo da gawarsa gida.

A Cile sunan ya fi yawa a kan wurare bisa ga mutane. Babban titin Santiyago sunansa yake ɗauke da shi, haka ɗaya daga cikin jihohin ƙasar mai hedkwata a Rancagua, da gandun daji mafi girma, da wani tafki da ƙauyen Villa O'Higgins a can ƙuryar kudu, da sansanin bincike da aka buɗe a Antatika a 1948. Hotonsa yana kan sulallansu. Masu sha'awar ƙwallo kuma za su iya tuna ƙungiyar O'Higgins ta Rancagua, wadda ta ci gasar ƙasar a 2013.

Dawowar O A Gida

A 1893 aka kafa ƙungiyar raya harshen Gelik a Dublin, kuma cikin abin da ya biyo baya har da maido da O da Mac. Kevin O'Higgins, ministan shari'a a gwamnatin farko ta Ayalan mai 'yanci, wanda aka harbe ranar 10 ga Yuli, 1927, an haife shi da sunan Higgins ne a 1892. Ɗan ɗan'uwansa, Tom O'Higgins, ya riƙe muƙamin Babban Jojin ƙasa daga 1974 zuwa 1985. Mafi yawan dangin dai sun ci gaba da zama Higgins. Michael D. Higgins, wanda ya shugabanci Ayalan daga 2011 zuwa 2025, a takardun Gelik Ó hUigínn ake rubuta shi, kuma shi ma mawaƙi ne mai littattafan waƙa. Barewa dai ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Abin da ya sa 'yan Ayalan suke iya bin sawun suna na shekaru ɗaruruwa, duk da sauye-sauyen da aka yi masa, shi ne an rubuta. A aikin gwamnati ina ganin fayil-fayil inda mutum ɗaya yake da suna uku, na makaranta dabam, na takardar ɗaukar aiki dabam, na banki dabam, har ta kai ga fanshonsa ya maƙale. Da yawa daga cikinmu sunan gari ko na unguwa aka maƙala mana a rajistar makaranta, kamar yadda aka yi wa su Malam Aminu Kano da Alhaji Shehu Shagari, yanzu kuma 'ya'yanmu sun gaje shi ba tare da sun san sunan kakan kakansu ba. Shawarata ga 'yan'uwa ita ce, duk wanda yake da sauran dattijo a gida ya zauna da shi a wannan hutu, ya tambaye shi sunayen kakanni da laƙabinsu da garin da suka fito da sana'arsu, ya rubuta a littafi ya adana. Wanda ya sami abin sha'awa a nasa, ya aiko wa edita mu karanta a fitowa ta gaba.