'Yan Kwana-kwana da Gobarar Kasuwa: Tarihin Horon Kurtu

Kashe gobara a Kano ya daɗe yana aikin gayya kafin ya zama sana'ar da ake koya wa mutum har a ba shi kaki. A zamanin da rumfunan kasuwa da ɗakuna da yawa suke na zana da jinka, idan wuta ta tashi sai a kwarma ihu, maza su fito da tulu da masaki, wasu su riƙa watsa ƙasa, majiya ƙarfi su hau su yaye jinkar maƙwabta don wutar ta rasa abin ci. Ba wanda ya je makaranta don wannan, kuma galibi dabarar tana isa, domin abin da ke ci ciyawa ce da itace.

Zuwan jirgin ƙasa a 1911 ya sauya kayan da ake tarawa a wajen ganuwa. Aka kafa Sabon Gari, kantunan Turawa da na Kwara suka jeru a gefen Fagge, aka cika sito-sito da kananzir da fetur da atamfa, daga baya lantarki ya shigo. Cikin waɗannan kantuna Kasuwar Singa ta tsiro, kuma ana danganta sunanta da kamfanin keken ɗinki na Singer. Irin wutar da wannan sabon zamani ya kawo ta bayyana ranar 13 ga Mayu, 1951, lokacin da gidan silima na El Duniya ya kama, mutum 331 suka rasu cikin 'yan kallo kusan 600. Fim ɗin wancan zamani abu ne da in ya kama, ruwa ma da ƙyar yake kashe shi. Taron jama'a da bokiti ba su da abin yi a gaban irin wannan.

A Nijeriya aikin kashe gobara na hukuma ya soma a Legas a 1901 a matsayin wani ɓangare na 'yan sanda, sai a 1963 doka ta kafa Hukumar Kashe Gobara ta Tarayya. Daga wannan tushe 'yan kwana-kwana suka gaji fareti da igiya a kafaɗa da sara wa na gaba. Jihohi ma suna da nasu hukumomin, ciki har da Kano, wadda ta zama jiha a 1967. Babbar makarantar horon ta tarayya tana Sheda, a ƙaramar hukumar Kwali ta Abuja.

Mai neman aikin tarayya sai ya kai shekara 18, ya kawo takardun makaranta da shaidar likita, tsayinsa bai gaza mita 1.65 ba idan namiji ne, mace kuma 1.60. Wanda ya tsallake tantancewa yakan yi kimanin wata shida yana kurtu, kuma a wannan tsakani ba a tura shi bakin wuta. Da fareti da gudu ake farawa. Mai kallo daga nesa zai ce ɓata lokaci ne, amma cikin hayaƙi da hayaniya, wanda bai saba bin umarni nan take ba shi ne yake jawo wa abokansa asarar rai. Sannan a shiga warware mesa da haɗa ta da naɗe ta, da kafa tsani, da ɗaurin igiya, da sarrafa injin tura ruwa, da taimakon farko, ana maimaitawa har hannu ya haddace.

Darasin aji ya ta'allaƙa ne kan abu uku da wuta ke rayuwa da su: makamashi, zafi da iska. A raba ta da ɗaya, ta mutu. Layi guda a Singa ya isa ya nuna amfanin darasin. Shagon farko katon-katon na taliya da sabulu ne har rufi, wannan ruwa yake so. Na kusa da shi jarkokin man girki ne, in aka watsa wa mai ruwa yana ci sai ya fantsama ya tafi da wutar gaba, don haka kumfa ake shimfiɗa masa. A saman bene ga janareto da galan ɗin fetur, ga batiran sola da wayoyi a harɗe, kuma ko an ɗauke wuta a layin, farantin sola yana ci gaba da bayarwa muddin akwai rana. Buhunan sukari suna narkewa su malale, leda da roba suna fitar da baƙin hayaƙi mai guba. Duk wannan sai kurtu ya iya karanta shi tun daga bakin ƙofa.

Hayaƙin ne ya sa horon tukunyar numfashi ya fi kowanne tsanani, domin ya fi harshen wuta kisa. Tukunyar da ake goyawa takan yi kusan rabin awa, ƙasa da haka ga mai haki. Ƙa'ida ita ce a shiga bibbiyu, a fito tare, wani kuma yana waje yana lissafin lokaci. A Kano wannan horo yana da wani amfanin na daban: ana yawan kiran hukumar jihar don ciro mutum daga rijiya ko kududdufi, kuma gurɓatacciyar iskar gindin rijiya takan kashe wanda ya faɗa, ta haɗa da wanda ya bi shi da igiya kawai.

Ko bayan yaye shi, sabon ma'aikaci a bayan na gaba yake tsayawa, yana jan mesa yana lura, kafin a bar masa riƙon bakinta.

Shekarar 2016 ta gwada duk wannan. Singa ta ƙone a watan Fabrairu, sannan ranar 26 ga Maris Kasuwar Abubakar Rimi ta Sabon Gari ta kama cikin dare, shaguna fiye da 3,000 suka tafi. Abin da ya fito fili shi ne akwai matsalolin da filin atisaye ba ya magancewa. Motar da ta ɗauko lita 5,000, idan mesa biyu suna zubar da lita 500 kowacce a minti, cikin minti 5 ta ƙafe, in babu tanki ko rijiyar burtsatse a kusa kuma sai ta juya ɗebo wani. Tirelolin sauke kaya da kurar 'yan dako da teburan da aka kafa a kan hanya sukan tare ta tun daga bakin titi, ƙofofin ƙarfe masu kwaɗo uku-uku su ci sauran lokacin. Horar da kurtu aikin hukuma ne, amma buɗe hanyar da motarsa za ta bi da tanadin ruwan da zai zuba suna wuyan 'yan kasuwa da shugabanninsu.