Zabo

Zabo tsuntsu ne ɗan asalin Afirka, kuma har yanzu akwai danginsa na daji. Macen ita ce zabuwa, idan suna da yawa a ce zabi. A karkarar Maraɗi, Damagaram da Tawa ana kiwon su domin nama da ƙwai.

Zabuwa takan yi ƙwai galibi da damina. Ba ta son akurki, cikin ciyawa take ɓoye ƙwanta. In ka gano gurbin, kada ka kwashe duka. Bar biyu ko uku, in ba haka ba za ta sake wuri. Ɓawon ƙwanta ya fi na kaza kauri, saboda haka ya fi jure ajiya.

Sai dai zabuwa ba uwar kirki ba ce, shi ya sa ake ba kaza ƙwan ta kwanta a kai. Ƙwan kaza kwana 21 yake yi kafin ƙyanƙyasa, na zabuwa kuwa kwana 26 zuwa 28. In za a haɗa su, a sa na zabuwa mako guda kafin na kaza.

Makonnin farko ne lokacin asara. Sanyi da raɓa suna kashe ƴan tsaki, don haka kada a sake su sai rana ta ɗaga. A ba su gara, tsakin hatsi da ruwa mai tsabta a kasko marar zurfi.

A 2006 murar tsuntsaye ta ɓulla a Magarya. Idan zabi ko kaji suna mutuwa barkatai, kada a ci, kada a kai kasuwa. A sanar da ma'aikacin kiwo.