Asalin Unguwar Chueca ta Birnin Madrid

Birnin Madrid na ƙasar Sifen, wanda malaman tarihi na Larabawa ke kira Majrit, ya samo asali ne daga wata ganuwa da Sarki Muhammadu na ɗaya na Kurɗuba ya gina a ƙarni na tara, zamanin daular Andalus. A cikinsa, arewa da babban titin nan da ake kira Gran Vía, akwai wata unguwa mai suna Chueca, wadda a yau duk baƙon da ya tambayi inda ake cin abinci da hirar dare, can za a nuna masa, kuma a faɗa masa tun da wuri cewa ita ce matattarar maza da mata masu son jinsinsu.

Sunan na wani mawaƙi ne haifaffen birnin, Federico Chueca, wanda ya rayu daga 1846 zuwa 1908, ya shahara wajen tsara kiɗan wasannin kwaikwayo. An sa wa wani ɗan fili sunansa, sa'an nan tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa da ke wurin ta ɗauka, daga bisani jama'a suka shiga kiran unguwar baki ɗaya da shi.

Amma asalin halin da take ciki yanzu yana komawa ga mulkin Janar Franco. A zamaninsa an yi doka a 1954, aka sabunta ta a 1970, wadda ta lissafa masu son jinsinsu cikin masu haɗari ga al'umma, har aka riƙa tsare su a kurkukun Badajoz da na Huelva da sunan gyaran hali. Franco ya mutu a 1975, kuma a 1979 aka cire su daga wannan hukunci. To, a daidai wannan lokaci Chueca ta lalace ƙwarai, gidajenta sun tsufa, masu sayar da miyagun ƙwayoyi sun mamaye filin, masu hali sun kwashe iyalansu sun ƙaura, har kuɗin haya ya faɗi warwas. Kuma saboda wannan araha, da kuma rashin mai sa ido a wurin da hukuma kanta ta yi watsi da shi, sai waɗanda doka ta jima tana farauta suka fara kama shaguna suna buɗe mashaya, ƙofa a rufe, sai an buga ƙararrawa a leƙo a ga wane ne kafin a buɗe.

Sannu a hankali ƙofofin suka buɗe. A 1993 aka kafa kantin littattafai na Berkana, aka bi shi da gidajen abinci da shagunan tufafi da na aski masu aiki da rana tsaka, aka gyara gidaje, aka kunna fitilu, dillalan ƙwaya suka rasa wurin fakewa. A ganina wannan shi ne abin da ya fi cancantar a rubuta a tarihin unguwar, domin tsofaffin matan da suka ƙi tashi tun zamanin wahala sun sami maƙwabtan da suka mayar musu da aminci a ƙofar gida. Sifen ta halatta auren jinsi a 2005, kuma a 2017 Madrid ta karɓi baƙuncin bikin masu son jinsinsu na duniya. Sai dai bunƙasar ta jawo tsadar haya, har wasu daga cikin waɗanda suka raya wurin sun koma unguwanni irin su Lavapiés.

Wanda ya je yau zai tarar da kasuwar San Antón, wadda aka sake ginawa aka buɗe a 2011: a bene na farko ana sayar da kifi da nama da cuku da 'ya'yan itace, bene na gaba ana dafa abinci a ci nan take, a kan rufi kuma akwai wurin zama inda ake hangen birni. Al'adar mutanen ita ce cin tapas, wato ƙananan faranti na zaitun da wainar ƙwai da dankali da soyayyen kifi, a ci kaɗan nan, a matsa gaba a ci kaɗan can, a bi titin Hortaleza da na Pelayo ana tafe ana hira. Ba a zama cin abincin dare sai wajen ƙarfe tara ko goma, gidajen rawa kuwa ba sa cika sai dare ya raba, a tashi da asuba. A kan titin Hortaleza ɗin nan ne cocin San Antón yake, wanda ke barin ƙofarsa a buɗe ga marasa matsuguni, kusa da masu shagali.

Musulmin da ya ziyarci wurin ya riƙa tambaya kafin ya ci, domin naman alade da giya suna shiga girke-girken Sifen da yawa, amma kifi da ƙwai da kayan lambu ba sa yankewa a kasuwar. Idan kuwa bai son cunkoso, ya kauce wa ƙarshen watan Yuni da makon farko na Yuli, lokacin bikin shekara na masu son jinsinsu, domin a kwanakin nan ko wurin aje ƙafa ba a samu a filin Chueca.